Shekarar Ƙarshe Ta Karatun Lauya: Jawabi Ga Iyayen Yara Na Ƙasar Daura

An shirya wannan jawabi domin a karanta shi a azuzuwan yaƙi da jahilci na Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango. A karanta shi sannu a hankali, kashi-kashi.





Maganar yau a kan karatun lauya take. Wani zai ce ina ruwan manomi da karatun lauya? Amsar ba ta da nisa. Rikicin gona, rabon gado, cinikin fili, bashi, belin ɗan'uwa, duk suna iya kai mutum gaban alƙali. Haka kuma yanzu akwai 'ya'yan manoma da na makiyaya da ke wannan karatu a jami'o'i. Wasu iyaye sun sayar da hatsi. Wasu sun sayar da sa. Wasu har gona sun jinginar. Wanda ya zuba dukiyarsa a abu, ya kamata ya san yadda abin yake.

Iyaye da yawa suna zaton da yaro ya gama jami'a shi ke nan ya zama lauya. Ba haka ba ne. Akwai sauran shekara guda a gabansa, kuma ita ce mafi nauyi. A wannan shekara ce yaro ya fi bukatar iyayensa su fahimce shi.

TSAWON HANYA

Bari a fara lissafi daga tushe. Firamare shekara 6. Sakandare shekara 6. Jami'a shekara 5 ga mai karatun lauya. Makarantar Horar da Lauyoyi shekara 1. In an tara, shekara 18 ke nan. Bayan haka ga bautar ƙasa ta shekara 1 ga wanda shekarunsa ba su wuce ba.

Wannan lissafi na wanda bai yi tuntuɓe ko'ina ba ne. Wani sai ya sake jarrabawar sakandare. Wani sai ya sake ta JAMB. Wani kuma yajin aiki ya tsayar da shi. A shekarar 2022 malaman jami'o'in gwamnati sun yi wata 8 suna yajin aiki.

A birnin Daura akwai kwalejin koyon shari'a mai sunan marigayi Dokta Yusufu Bala Usman. Difloma ta shari'a takarda ce mai amfani. Mai ita yana iya samun aiki a kotu. Yana kuma iya neman shiga jami'a da ita. Amma a lura da kyau, mai difloma bai zama lauya ba. Ba shi da ikon tsaya wa wani a kotu da sunan lauya. Sai ya yi digiri, sannan ya wuce Makarantar Horar da Lauyoyi.

Ana yin wannan digiri a jami'o'i irin su Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina. A Zariya da Kano an daɗe ana koyar da shari'ar Musulunci tare da dokokin ƙasa.

ASALIN MAKARANTAR

Kafin samun mulkin kai, duk mai son zama lauya sai ya tafi Ingila. Ɗan Nijeriya na farko da ya zama lauya shi ne Sapara Williams, a shekarar 1879. Daga ƙasar Katsina ma an sami waɗanda suka yi wannan tafiya a shekarun 1950. Akwai Mai Shari'a Muhammadu Bello, wanda ya riƙe muƙamin Babban Jojin Nijeriya daga 1987 zuwa 1995. Akwai kuma Mai Shari'a Mamman Nasir, Galadiman Katsina, wanda ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 1978 zuwa 1992.

Amma an ga wata matsala. Wanda ya koyi aiki a Landan, dokokin Ingila ya sani. Bai koyi dokokin ƙasarsa a aji ba. Saboda haka a 1962 aka yi dokar kafa Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya. Ta fara aiki a Legas a watan Janairu na 1963, da ɗalibai 8 kacal. Yanzu dubbai take ɗauka kowace shekara.

A 1997 aka mayar da hedikwatarta Bwari, kusa da Abuja. Tana da rassa a Legas, da Inugu, da Kano, da Yola, da Yenagowa, da Fatakwal. Reshen Kano yana Bagauda, kudu da birni. Mutanen Daura sun san wannan suna. A tarihin da aka gada, Bagauda ɗan Bawo ne, jikan Bayajidda, kuma shi ne sarkin Kano na farko.

Makaranta ce ke tura ɗalibi reshen da zai zauna. Ɗan Baure yana iya samun Bagauda. Yana kuma iya tsintar kansa a Yenagowa, inda ruwan sama da abinci da harshe duk baƙi ne gare shi.

A Ingila an raba aikin lauya gida biyu. Akwai lauyan ofis mai rubuta takardu da ba da shawara. Akwai kuma lauyan da ya ƙware a tsayawa gaban manyan alƙalai. Kowanne da horonsa. A Nijeriya ba a raba ba. Mutum ɗaya ne ke ɗaukar aikin biyu. Cikin shekara guda ake koya masa duka. Wannan shi ne dalili na farko da ya sa kayan suka yi nauyi.

DARUSSA BIYAR

A jami'a an koya wa ɗalibi abin da doka ta ce. A wannan makaranta kuwa ana koya masa yadda ake aiki da ita. Kamar wanda ya ji labarin huɗa ne a baki, sannan aka miƙa masa garma da shanu.

Darussan guda 5 ne.

Na farko, shari'ar laifi. Yadda ake kama mutum. Yadda ake neman beli. Yadda ake rubuta takardar tuhuma. Yadda ake yi wa shaida tambayoyi. Arewa tana da kundin laifuffukanta, Kudu tana da nata, kuma dole ɗalibi ya san duka biyun.

Na biyu, shari'ar haƙƙi tsakanin mutum da mutum, kamar bashi da rikicin fili. Wace kotu ce ke da hurumi? Wace takarda ake fara ƙara da ita? Kwana nawa ake da shi kafin lokaci ya ƙure? Ta yaya ake ɗaukaka ƙara?

Na uku, harkar filaye da gidaje. Takardar ciniki, haya, jingina, wasiyya. A nan ake karanta Dokar Filaye ta 1978, wadda ta danƙa amanar ƙasar kowace jiha a hannun gwamna.

Na huɗu, harkar kamfani. Yadda ake rajistar kamfani ko sunan kasuwanci ko ƙungiya. Yadda ake raba hannun jari. Yadda ake rufe kamfani in ya karye. An sabunta dokar kamfanoni a 2020.

Na biyar, ɗa'ar aikin lauya. Riƙe sirrin mai ƙara. Ware kuɗin mai ƙara daga kuɗin lauya. Girmama kotu. Rubuta wasiƙa da tsara takardu.

Kowace rana daga Litinin zuwa Juma'a da darasinta. Lokacin zama a aji kimanin mako 20 ne. Wato abin da aka koyar yau ba za a dawo kansa ba. Mako mai zuwa sabon babi ne. Wanda ya yi fashin mako guda, babi 5 suka wuce shi.

YADDA RANAR ƊALIBI TAKE

Ɗalibi yana shiga aji da safe. Sutura ma da ƙa'idarta, baƙi da fari. Ana ɗaukar sunan waɗanda suka halarta. Wanda fashinsa ya wuce ƙa'ida ba a barinsa ya zauna jarrabawa, ko da ya fi kowa ƙoƙari.

Kafin a shiga aji an riga an ba da aikin da za a shirya. Ana raba ɗalibai rukuni-rukuni. In an tashi daga aji, sai rukuni ya zauna da yamma ya yi aikin gobe. Malami yana iya kiran kowa ya tashi ya yi bayani a gaban ɗaruruwan 'yan'uwansa. Da dare kuma ɗalibi ya koma kan littafi, ya bi abin da aka yi yau.

Akwai kuma rubutun takardun kotu. Kowace takarda da tsarinta. Sunan kotu yana da gurbinsa. Lambar ƙara tana da gurbinta. Kwanan wata da sa hannu suna da nasu. In aka bar ɗaya, maki ya zube. Karantawa kawai ba ta isa. Sai hannu ya saba, kamar yadda ɗalibin yaƙi da jahilci ke maimaita baƙi da wasali har su zauna.

Ana kuma shirya shari'ar gwaji. Ɗalibai su kasu, wasu masu ƙara, wasu masu kare wanda ake ƙara, wasu shaidu. Ban da haka akwai liyafar cin abinci sau 3 da Majalisar Dattawan Lauyoyi ke shiryawa. Halartarta wajibi ce. Al'ada ce da aka gada daga Ingila.

ZUWA KOTU DA OFISHIN LAUYA

Bayan darussan aji, sai a tura ɗalibai waje na wasu makonni. Da farko su zauna a kotu suna kallon yadda shari'a ke gudana. Daga nan su koma ofishin wani lauya su koyi aiki a hannunsa. Kowace rana ɗalibi yana rubuta abin da ya gani da abin da ya koya a littafi na musamman. In ya koma makaranta, sai ya tsaya gaban masu tantancewa ya yi bayani. Wanda bai gamsar da su ba, rantsar da shi tana iya jinkiri.

A nan ne iyaye suka fi yin kuskure. Yaro yakan nemi a tura shi kotun da ke kusa da gida, wataƙila Daura ko Katsina ko Kano. Da an gan shi a gida sai a ce hutu ya zo. Sai a fara aikensa. Yau a ce ya kai taki gona. Gobe a ce ya raka dabbobi kasuwar Mai'aduwa. Jibi a ce ya wakilci gida wajen ɗaurin aure.

Alhali waɗannan makonni su ne damarsa ta ƙarshe ta bitar darussa 5 kafin jarrabawa. Jikinsa ne kawai a gida. Aikinsa bai tsaya ba.

JARRABAWAR ƘARSHE

Jarrabawar kashi biyu ce. Kashi na farko tambayoyi ne masu zaɓin amsa, daga duk darussan 5, cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. Wanda ya tsaya dogon tunani a kan tambaya ɗaya, lokaci zai ƙare masa.

Kashi na biyu rubutu ne. Takarda 5, kowace rana guda, a jere. Ba a cewa ɗalibi ya zubo abin da ya haddace. Labari ake ba shi. Misali, a ce wani ya sayar da fili ga mutum biyu, sannan ya rasu. Sai a ce wa ɗalibi: ba mai saye na farko shawara, faɗi kotun da za a je, rubuta takardar fara ƙara. Dole ya gane matsalar, ya kawo dokar da ta dace, ya kuma rubuta takardar daidai.

Akwai wani tsari da makarantar ta shafe shekaru masu yawa tana bi, wanda ya sa ake jin tsoron jarrabawarta. A wancan lokaci ana auna darajar ɗalibi ne da takardar da ya fi rauni a cikinta. Ga misali. Ɗalibi ya ci 75, da 72, da 71, da 70, sai a ta biyar ya ci 52. A wannan tsari, 52 ɗin nan ita ce ke yanke darajarsa. Sauran huɗun ba su ɗaga shi ba.

Manomi ba zai sha wahalar gane wannan ba. In aka kewaye gona da shinge mai ƙarfi ta gabas da yamma da kudu, aka bar kafa ta arewa, ta nan awaki za su shiga. Masu goyon bayan tsarin sun ce lauya ba ya zaɓen matsalar da za a kawo masa, don haka dole ya iya duka. Masu suka kuwa sun ce ba adalci ba ne zazzaɓin rana ɗaya ya rushe wahalar shekara. Kowane ɓangare yana da hujja. Abin da ɗalibi zai ɗauka shi ne, kada ya yi watsi da darasi ko ɗaya.

Ana faɗuwa wannan jarrabawa, kuma ba kaɗan ba. A shekarar 2014 an yi faɗuwa mai yawa, har maganar ta cika jaridu. Cikin masu faɗuwa akan sami waɗanda suka yi fice a jami'a.

ME YA SA AKE TSANANTAWA?

Domin kuskuren lauya a kan wani yake faɗawa. In lauya ya kai ƙara kotun da ba ta da hurumi, ana iya shekaru ana shari'a, daga baya a rushe komai. In ya bari lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce, mai gaskiya yana iya rasa gonarsa. In ya rubuta takardar ciniki ba daidai ba, 'ya'ya da jikoki su gaji rigima. In shari'ar kisa ce, rai ne a hannunsa.

Saboda haka tsananin jarrabawa kariya ce ga talaka. Mai kuɗi yana iya sauya lauya sau uku. Talaka da ƙyar yake iya ɗaukar guda.

Wanda ya ci jarrabawa, Majalisar Dattawan Lauyoyi ce ke rantsar da shi. Sannan a rubuta sunansa a rajistar Kotun Ƙoli. Daga ranar ne ya zama lauya. Kuma takardun da lauya ya shirya suna ɗauke da hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya mai sunansa. Wanda zai ba wani kuɗi don aikin lauya, ya duba wannan hatimi. Baƙar kwat ba ita ce shaida ba.

ABUBUWAN DA KE KAYAR DA ƊALIBI

Na ɗaya, raunin Turanci. Da Turanci ake koyarwa, da shi ake tambaya, da shi ake amsawa. Yaro yana iya sanin amsa a zuciyarsa, amma ya kasa rubuta ta cikin lokaci. Wannan rauni ba a Bagauda yake farawa ba. Tun daga firamare yake farawa, ranar da aka hana yaro zuwa aji saboda kiwo ko talla. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyu, tara karatu. A jami'a wasu sun saba sai jarrabawa ta matso su duƙufa. A nan dabarar ba ta ci. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, yawan ɗalibai. Aji ɗaya yana ɗaukar ɗaruruwa. Malami ba zai iya bin kowa ɗaya-ɗaya ba. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Ɗalibi mai kunyar tambaya sai a bar shi a baya.

Na huɗu, rashin lafiya da rashin barci. Wasu suna raba dare suna karatu har jiki ya gaza. Wasu suna shan ƙwayoyin hana barci. Wannan ganganci ne. Ƙwaƙwalwar da ba ta huta ba ba ta riƙe karatu.

Na biyar, tunanin gida. Ɗalibin da ake bugo wa waya kullum ana faɗa masa rigimar gida, hankalinsa ya rabu biyu. Haka wanda bai san inda zai sami na abincin gobe ba.

MAGANAR KUƊI

Kuɗin makarantar ba kaɗan ba ne. A ƙarshen shekarar 2023 an sanar da ƙarinsa daga Naira 296,000 zuwa Naira 476,000, har Majalisar Wakilai ta sa baki. Kuɗin yana sauyawa, don haka a tambayi na shekarar da yaro zai shiga.

Wannan kuɗin makaranta ne kawai. Ga littattafai da kundayen doka. Ga kwamfuta ta hannu. Ga baƙaƙen kaya da farare. Ga abinci. Ga kuɗin mota. In an ci jarrabawa kuma ga kuɗin rantsarwa, da baƙar riga, da hular gashi ta lauyoyi.

Karatun na cikakken lokaci ne. Ɗalibi ba zai iya haɗa shi da wata sana'a ba. Saboda haka uba mai hangen nesa yana fara tanadi tun yaro yana aji 3 ko aji 4 a jami'a. Wani ya ware tunkiya biyu ya bar su su hayayyafa. Wani ya ajiye buhun wake ko riɗi duk kaka. Uwa ta shiga adashi. Wannan ya fi a wayi gari a sayar da gona da araha, ko a ci bashi mai nauyi. Gona in ta tafi da wuya ta dawo.

Yaro kuma ya je hukumar ba da tallafin karatu ta Jihar Katsina, da ofishin ƙaramar hukumarsa, ya tambayi abin da ke akwai. Ƙungiyoyin ci gaban gari su ma su duba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Garin da ya taimaka ya sami lauya ɗaya, ya sami mai karanta masa takarda kafin ya dangwala hannu.

Ga wani gargaɗi. Majalisar Kula da Ilimin Lauyoyi ce ke amincewa da sashen shari'a na kowace jami'a. Ita ce kuma ke ƙayyade yawan ɗaliban da jami'a za ta ɗauka. In jami'a ba ta da amincewa, ko ta ɗebi fiye da ƙa'ida, ɗalibanta suna iya gamawa su zauna jiran gurbi. Ƙasar Daura tana bakin iyaka, kuma wasu suna tura 'ya'yansu karatu ƙetare. Wanda ya yi digirin lauya a waje sai ya yi wani ƙarin kwas da jarrabawa kafin ya shiga sahun sauran. Kuma ba kowace takardar waje ake karɓa ba. A yi tambaya kafin a biya kuɗi.

'YA'YA MATA

Wannan hanya a buɗe take ga mata. Mai Shari'a Maryam Aloma Mukhtar, daga Kano, ita ce mace ta farko da ta zama Babbar Jojin Nijeriya. Ta riƙe muƙamin daga 2012 zuwa 2014.

Wasu iyaye suna damuwa da maganar sutura. A watan Disamba na 2017 an hana wata ɗaliba, Firdausi Amasa, shiga zauren rantsarwa saboda ta ƙi cire hijabinta. Maganar ta yi zafi a ƙasa. A 2018 aka amince, aka rantsar da ita da hijabinta.

Abin da ya rage shi ne tsara lokaci. In yarinya tana wannan shekara, a duba ranar biki da kyau. Ko a yi kafin ta shiga, ko a dakata ta fito. In matar aure ce, miji da uwar miji da 'yan'uwa su ɗauke mata hidimar gida da renon yara na waɗannan watanni. Mace mai matsalar gado ko ta aure takan fi sakin jiki ta yi bayani a gaban mace 'yar'uwarta. Lauya mace alheri ce ga gari.

AIKIN IYAYE

Uba ba sai ya iya Turanci zai taimaki ɗansa ba. Ga abubuwa 6 da kowa zai iya.

1. A fara tanadi da wuri, a aika kuɗin abinci a kan lokaci.

2. Kada a kira ɗalibi gida don biki ko suna ko girbi. In ba rasuwa ko ciwo mai tsanani ba, a bar shi.

3. In ya zo zaman kotu, a ba shi ɗaki da fitila, a hana yara damunsa.

4. Kada a riƙa kawo masa shari'ar dangi. Bai zama lauya ba tukuna, kuma doka ba ta ba shi izini ba.

5. In an yi waya, a tambayi lafiyarsa da cin abincinsa. A ƙarfafa masa zuciya. Kada a riƙa tuna masa san da aka sayar.

6. A yi masa addu'a. Shi kuma ya haɗa addu'a da karatu.

IN YARO YA FAƊI

Wannan ita ce magana mafi nauyi. Sakamako ya fito, sunan yaro ba ya cikin waɗanda suka ci. Gida ya yi tsit. Maƙwabta sun ji.

A sani cewa ƙofa ba ta rufe ba. Ana sake zama jarrabawar. Digirinsa na jami'a yana nan, ba wanda ya ƙwace. Akwai lauyoyin da ke aiki yau waɗanda sai a zama na biyu suka ci.

Abin da yaro ke bukata a ranar shi ne a zauna da shi. A tambaye shi wace takarda ce ta kayar da shi, kuma me ya jawo. In Turanci ne, ya nemi mai duba masa rubutu. In tsara takardu ne, ya koma ofishin lauya ya yi ta gwadawa. In ciwo ne, a nemi magani. Gori da habaici ba sa ƙara maki ko ɗaya. Suna dai iya sa yaro ya ƙaurace wa gida, ko ya faɗa shaye-shaye. Wani ma kunya takan sa ya ɓoye gaskiya, ya sa baƙar kwat ya ce ya ci. Wannan laifi ne a doka, kuma ƙarshensa kamu. Gara faɗuwar gaskiya da nasarar ƙarya.

KAMMALAWA

Ɗaliban yaƙi da jahilci sun fi kowa sanin wuyar karatu. Magidanci ya dawo daga gona a gajiye, ya ɗauki fensir. Uwa ta sauke tukunya, ta buɗe littafi. Wanda ya ɗanɗani wannan zai tausaya wa yaron da ke fama da darussa 5 cikin shekara guda.

Kuma hanyar Bagauda daga ajin firamare na ƙauye take tashi. Yaron da ke aji ɗaya yau a Zango ko Sandamu, shekara 18 ke gabansa. Sannu ba ta hana zuwa. Abin da ake nema ga iyaye shi ne su tura shi makaranta kullum, su duba littafinsa da dare, su fara ajiye ɗan abin da ya samu.

Allah ya ba ɗalibai sa'a. Allah ya saka wa iyaye da alheri. Allah ya zaunar da ƙasar Daura da Nijeriya lafiya, amin.